Dangin Sinadarai: Abin da Ya Haɗa Gishiri da Kanwa da Toka

 

Zancenmu na yau ya tashi daga abubuwa ukku da babu gidan da ya rasa su: gishiri, da kanwa, da tokar murhu. Uwargida ta san in kanwa ta ƙare, ruwan toka da anka tace shina iya tsaya mata. Shina sa wake shi nuna da wuri, kuma da shi ake haɗa sabunin gargajiya. To, mi ya sa kanwar da anka kwaso daga ƙasar Manga da tokar iccen da anka ƙone cikin murhu suke aiki iri guda? Masana ilmin sinadarai suna da amsa, kuma amsar ba ta fi ƙarfin wanda ya iya ƙirga daga 1 zuwa 8 ba. Ku biyo mu sannu sannu, domin cikin amsar akwai abin da ya shafi lafiyarku da ta ɗiyanku.

Sinadaran asali da ƙwayar zarra

Duk abin da kuke gani, ko kuke taɓawa, ko kuke shaƙa, an gina shi da wasu sinadarai na asali waɗanda ba su rarrabuwa su koma wani abu dabam. Ƙarfe sinadarin asali ne, haka zinariya, haka tagulla, haka farar wuta. Ruwa kuwa haɗi ne na sinadarai biyu, idirojan da okisijan. Yau masana sun san sinadaran asali 118. Kamar 90 daga cikinsu ana samunsu cikin ƙasa da ruwa da iska, sauran kuwa mutane ne sunka haɗa su cikin ɗakunan bincike.

In kunka yi ta tsaga sinadari, kuna tsagawa, za ku kai ga ɗan mitsitsin yanki wanda shi ne na ƙarshe da ke riƙe da halin sinadarin. Shi ake ce ma atom, ko ƙwayar zarra. Ƙanƙantarta ta kai a ce miliyoyinta za su jeru cikin milimeta guda.

Ita ma ƙwayar tana da ciki. A tsakiyarta akwai cibiya, inda nauyinta ya taru. Cikin cibiya akwai wasu ƙwayoyi da ake ce ma furoton, masu ƙarfin lantarki na ƙari, da wasu da ake ce ma nitiron, waɗanda ba su da ƙarfin lantarki. Kewaye da cibiya akwai elektoron, masu ƙarfin lantarki na ragi. Kun san alamun nan biyu da ke kawunan batirin radiyo, (+) da (−). Su ne ƙari da ragi, kuma kullum suna jan juna. Wani Bature na Ingila mai suna Tomson shi ya gano elektoron cikin shekarar 1897.

Yawan furoton shi ne lambar sinadari. Idirojan shina da 1, karbon 6, okisijan 8, sodiyom 11, kulor 17, ƙarfe 26, zinariya 79, uraniyom da ake haƙowa a Arlit 92. In ƙwaya tana zaune ita kaɗai, yawan elektoron ɗinta daidai shike da yawan furoton ɗinta.

Zobba kamar na albasa

Ku ɗauki albasar Galmi ku yanka ta a tsakiya. Za ku ga zobe cikin zobe. Haka wani masani na ƙasar Danmak mai suna Nils Bor ya kwatanta zaman elektoron cikin shekarar 1913. Masanan yau sun nuna cewa elektoron ba shi bin hanya shimfiɗaɗɗa, ya fi kama da hazo da ke kewaye da cibiya. Amma lissafin zobban bai canza ba, kuma shi ne muke bukata.

Zoben farko, na kusa da cibiya, shina ɗaukar elektoron 2 kaɗai. Na biyu shina ɗaukar 8. Ga sinadarai 20 na farko, zobe na ukku ma in ya kai 8 sai a fara zuba na huɗu. Ku gwada da kanku. Sodiyom shina da 11: ku ba zoben farko 2, na biyu 8, saura 1. Kulor shina da 17: 2, da 8, saura 7. Neyon shina da 10: 2, da 8, babu saura. Fotasiyom shina da 19: 2, da 8, da 8, saura 1. Kalsiyom shina da 20: 2, da 8, da 8, saura 2.

Ku lura da lambar ƙarshe ta kowane layi. Waɗanga su ne elektoron na zoben waje, waɗanda masana ke ce ma elektoron na balansi. Mu za mu kira su na waje. In ƙwaya biyu sunka gamu, cibiyoyinsu ba su taɓa juna, zobban ciki ma ba su shiga zancen. Na waje ne ke haɗuwa, kamar yadda in gari biyu za su yi ciniki, waɗanda sunka fito kasuwa ne ke ƙulla shi. Saboda haka halin sinadari wajen haɗuwa da wani, yawan na wajenshi ne ke yanke shi. Kun ga sodiyom da fotasiyom duka sun ƙare da 1. Ku riƙe wanga, za mu komo gare shi.

Ka'idar takwas

Cikin shekarar 1916 masana biyu, Luwis a Amurka da Kosel a Jamus, sun lura da abu guda. Ƙwayar da zoben wajenta ya cika da 8 tana zama lafiya, ba ta neman haɗuwa da kowa. Wadda nata bai cika ba takan haɗu da wata ta hanyar da zoben zai cika. Hanyoyin ukku ne: bayarwa, da karɓa, da tarayya.

Ku dubi gishiri. Sodiyom shina da 1 a waje, kuma ƙarƙashinshi akwai cikakken zobe mai 8. In ya saki gudan nan, cikakken zoben ya zama na waje. Kulor kuwa shina da 7, guda ɗaya ya rage mashi. Da sun gamu, sodiyom shi ba da, kulor shi karɓa. Wanda ya ba da ya rasa ragi guda, ya zama mai ƙari. Wanda ya karɓa ya zama mai ragi. Sai su kama juna kam, su jeru layi layi, ƙari kusa da ragi. Wanga kamu shi ya sa gishiri ke da tauri, ba shi narkewa a wuta sai zafi ya kai digiri 801. Sodiyom shi kaɗai ƙarfe ne mai kama wuta cikin ruwa. Kulor shi kaɗai iska ce mai guba. Da elektoron guda ya canza hannu, sun koma abin da kuke zubawa cikin miya.

Tarayya kuwa ita ce ta ruwa. Okisijan shina da 6 a waje, saura 2. Idirojan shina da 1, kuma zobenshi na farko ne, da 2 shike cika. Sai okisijan guda shi riƙe idirojan biyu, su haɗa elektoron ɗinsu suna amfani da su tare. Shi ya sa ko ruwan Kwara kunka auna, ko na rijiya a Tanut, idirojan biyu ne ga okisijan guda.

Allon Mandeleyef

Tun kafin a san elektoron, wani malami na ƙasar Rasha, Dimitiri Mandeleyef, ya jera sinadarai 63 da anka sani a zamaninshi bisa nauyinsu. Cikin shekarar 1869 ke nan. Ya ga halayensu suna komowa bi da bi, kamar yadda ranar kasuwa ke komowa. Sai ya karya jerin layi layi, masu hali guda sunka faɗa ƙarƙashin juna. Inda bai sami wanda ya dace ba ya bar gurbi, ya ce akwai sinadarin da ba a gano ba tukuna, har ya faɗi nauyinshi da halinshi.

Cikin 1875 wani Bafaranshe, Lekok da Buwabodaran, ya gano galiyom. Da ya auna shi ya sami nauyin da ya kasa abin da Mandeleyef ya faɗa. Mandeleyef ya aika mashi cewa shi sake tace shi shi auna. Ya sake, sai ga lissafin Mandeleyef ya fito daidai. Cikin 1886 anka gano jarmaniyom a Jamus, shi ma ya shiga gurbin da anka bar mashi. Mandeleyef ya rasu cikin 1907, kafin a gane dalilin da ya sa allonshi ke faɗin gaskiya. Dalilin shi ne wanda kunka ji yanzu: waɗanda ke ƙarƙashin juna yawan na wajensu guda ne. Allon yau shina da layuka 7 a kwance da 18 a tsaye. Kowane layi na tsaye dangi guda ne. Bari mu ziyarci biyar daga cikinsu.

Dangin mai guda

Nan akwai litiyom, sodiyom, fotasiyom, rubidiyom, seziyom da faransiyom. Dukansu ƙarafa ne, amma masu taushi, wuƙa tana yanka su. Da shike guda ɗaya gare su a waje, sakinshi ba shi da wuya, shi ya sa ba a taɓa samunsu su kaɗai cikin ƙasa. Sai cikin 1807 wani masani na Ingila, Hamfiri Debi, ya yi amfani da wutar lantarki ya ware fotasiyom da sodiyom. Cikin mai ake ajiye su, domin in sodiyom ya taɓa ruwa sai shi yi ta gudu bisa ruwan shina huci, ruwan kuma shi koma soda mai ƙuna irin wadda masu sabuni ke saye.

Barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrafe, amma cikin dangi wani ya fi wani zafi. In kunka gangara allon, zobba suna ƙaruwa, na waje shina nisa da cibiya, riƙon da take yi mashi shina raguwa. Litiyom cikin ruwa tafasa kaɗai shike yi. Fotasiyom shina kama wuta nan take. Seziyom fashewa shike yi. Narkewarsu ma haka take sauka: litiyom sai digiri 180, sodiyom 98, fotasiyom 63, seziyom 28 da rabi. Ke nan da bazara a Tawa, seziyom ruwa za shi zama ko a inuwa.

Yanzu ga amsar tambayarmu. Gishirin da ayarin raƙuma ke kawowa daga Bilma da Fashi, da na Tigidda, da na Dallol Foga, sodiyom ne da kulor. Kanwar Manga da ta Dallol Boso, sodiyom ce haɗe da karbon da okisijan. Toka kuwa, abin da ke narkewa cikin ruwa daga gare ta yawancinshi fotasiyom ne haɗe da karbon da okisijan, domin tsiro shina tsotsar fotasiyom daga ƙasa, wuta kuma ba ta tafiya da shi. Kanwa da ruwan toka gini guda gare su, ɗan'uwa ne ya zauna gurbin ɗan'uwa. Shi ya sa dukansu ke sa ruwa santsi, suna tausasa wake, suna juya mai shi koma sabuni.

Ga inda zancen ya taɓa lafiya. In likita ya ce ma mai hawan jini shi rage gishiri, sodiyom ne ake nufi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada shi wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda. Wanda ya rage gishiri amma ya ci gaba da zuba kanwa da dunƙulen ɗanɗano irin su Maggi, sodiyom ɗin ya shigo ta wata ƙofa. Cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya sun bincika ciwon zuciya da ke kama mata bayan haifuwa, sun ga yawan shan kunun kanwa tare da zafin wankan jego shina cikin abubuwan da ke ɗora ma zuciya nauyi. Mai jego da ƙafafunta sunka kumbura, ko numfashi ya yi mata wuya in ta kwanta, a kai ta likita ba tare da jinkiri ba.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Jiki shina bambanta ƴan'uwan nan biyu: sodiyom ya fi zama cikin ruwan jini, fotasiyom ya fi zama cikin ƙwayoyin nama, kuma da musayarsu jijiyoyi da zuciya ke aiki. Zawo shina kwashe su duka biyu. Shi ya sa ƙunshin garin da likita ke bayarwa a dama ma yaro mai zawo ke ɗauke da su duka, tare da sukari. Manomi ma ya san fotasiyom ko bai san sunanshi ba: shi ne harafin K da ke jikin buhun takin zamani. Litiyom kuwa, da shike shi ne mafi rashin nauyi cikin ƙarafa kuma mai saurin sakin elektoron, da shi ake yin batirin wayar salula.

Dangin mai biyu

Maƙwabtansu su ne beriliyom, manyeziyom, kalsiyom, sitorontiyom, bariyom da radiyom. Biyu gare su a waje, biyu suke bayarwa. Sakin biyu ya fi sakin guda wuya, saboda haka sun fi dangin farko tauri da sanyin hali. In kalsiyom za shi haɗu da kulor, sai ya sami kulor biyu, kowane shi karɓi guda.

Kalsiyom shi ne cikin farar ƙasar da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza. Shi ne cikin ɓawon ƙwai, da ƙashi, da haƙori. Manyeziyom kuwa shina zaune a tsakiyar abin da ke ba ganye launin kore. In ruwan rijiyarku ba shi barin sabuni shi yi kumfa, ko shina barin farin ɓawo cikin butar shayi, waɗanga biyu ne sunka yi yawa cikinshi.

Kamannin dangi kan yaudari jiki. Radiyom, wanda Mari Kuri da mijinta Piyer sunka gano a Faransa cikin 1898, shina fidda wani haske marar ganuwa mai lalata nama. Cikin shekarun 1920, a Amurka, ƴan mata da ke shafa fentin radiyom a fuskar agogo sukan lashi bakin buroshi domin shi yi tsini. Jikinsu ya ga sinadari mai biyu a waje, ya ɗauke shi kamar kalsiyom, ya kai shi cikin ƙashi ya ajiye. Ƙasusuwan haɓarsu sunka ruɓe, da yawa sunka mutu.

Dangin mai bakwai

A ɗaya gefen allon akwai fuliyor, kulor, burom da iyod. Guda ya rage masu, don haka su masu karɓa ne. Nan lissafin ya juya: ƙaramin shi ya fi zafi, domin zoben wajenshi na kusa da cibiya, tana jawo elektoron na wani da ƙarfi. Fuliyor ya fi kowane sinadari saurin kamu, har sai cikin 1886 Bafaranshe Muwasan ya iya ware shi. Jikinsu ma shina canzawa in kuna gangarawa: fuliyor da kulor iska ne, burom ruwa ne ja, iyod kuwa daskararre ne mai duhu.

Ƙwacen elektoron da kulor ke yi shi ne amfaninshi, shi ne kuma haɗarinshi. Cikin ruwan jabel, ɗan kaɗan ɗinshi shina kashe ƙwayoyin kwalara da na zawo cikin ruwan sha. Amma iskarshi tsantsa an yi yaƙi da ita a ƙasar Beljik cikin 1915, ta ƙone huhun sojoji. Saboda haka ku ji da kyau: kada ku haɗa jabel da asid, ko ruwan batir, ko wani maganin wanke makewayi. Haɗin shina sako iskar kulor cikin ɗaki. Wajen tsabtace ruwan sha kuma, ku bi awon da ma'aikatan lafiya sunka ba ku.

Iyod kaɗan jiki ke bukata, amma ba shi yi sai da shi. Wata ƴar tsoka da ke gaban wuya tana amfani da shi. In ta rasa sai ta kumbura, shi ne maƙoƙo. Mai ciki da ta rasa iyod, ƙwaƙwalwar jaririnta tana iya tauyewa. Ƙasashen da ke nesa da teku sun fi fama da wanga rashi, shi ya sa ake zuba iyod cikin gishirin sayarwa. Ku nemi gishiri mai iyod, ku ajiye shi a rufe, nesa da rana da damshi, domin iyod ɗin shina raguwa in an bar shi a buɗe.

Fuliyor shina son kalsiyom ƙwarai. Ɗan kaɗan cikin man goge baki shina ƙarfafa haƙori. In ya yi yawa cikin ruwan sha sai shi shiga ƙashin da ke girma shi ɓata shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1 da rabi cikin litir guda. Mutanen Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, sun ga wanga abu da idonsu. Daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa wajen shekarar 2000, ruwan da anka jawo ma garin daga ƙarƙashin ƙasa ya zarce iyakar nesa ba kusa ba. Ɗaruruwan yara haƙoransu sunka rine, ƙafafunsu sunka lanƙwashe. Fuliyor ba shi da launi ko wari cikin ruwa. Tafasawa ba ta fidda shi, jabel ma ba shi fidda shi. In an gina maku sabuwar rijiya mai zurfi, ku tambaya ko an auna ruwanta kafin yara su fara sha.

Dangin da ya cika

Layin ƙarshe na allon shina ɗauke da eliyom, neyon, argon, kiribton, zenon da radon. Zoben wajensu cikakke ne, 8, ban da eliyom da ya cika da 2. Ba su bayarwa, ba su karɓa. Dukansu iska ne marasa launi da wari. Argon shina cikin iskar da kuke shaƙa, kusan kashi 1 cikin 100, amma ba a gano shi ba sai cikin 1894, domin ba shi haɗuwa da kome balle shi bar sawu.

Rashin hulɗarsu shi ne amfaninsu. Ana cika ƙwan fitila mai zare da argon domin kada zaren shi ƙone. Masu walda suna hura shi bisa ƙarfe mai zafi domin shi tare okisijan. Idirojan da eliyom duka suna ɗaga balan-balan sama, kuma bambancinsu elektoron guda ne. Amma idirojan, da zobenshi bai cika ba, shina kama wuta. Cikin 1937 wani babban jirgin balan-balan na Jamus mai suna Hindenbag, cike da idirojan, ya ƙone a Amurka, mutum 36 sunka mutu. Eliyom ko ashana kunka kai mashi ba shi kamawa.

An daɗe ana cewa wanga dangi ba shi haɗuwa da kowa sam. Cikin 1962 wani masani mai suna Batlet, a Kanada, ya tilasta ma zenon ya haɗu, da taimakon wani haɗi mai fuliyor. Zenon babba ne, na wajenshi suna nesa da cibiya, mai ƙarfin ƙwace shina iya jawo su. Ka'idar da ta bayyana seziyom ita ce ta bayyana wanga.

Radon kuma shina koya mana wani abu. Iska ce da ke fitowa daga duwatsu masu uraniyom, tana taruwa cikin ramun haƙar ma'adinai in ba a hura masu iska ba, tana kawo kansar huhu. Cutarwarta daga cibiya take fitowa, wadda ke farfashewa da kanta. Ku bambanta biyun: haɗuwa da rabuwar sinadarai aikin na waje ne, hasken nan mai lalata nama na radon da radiyom da uraniyom aikin cibiya ne.

Dangin mai huɗu

A tsakiya akwai karbon, silisiyom, jarmaniyom, kuza da darma. Huɗu gare su. Ga na saman dangin, ba da huɗu da wuya, karɓar huɗu ma da wuya, sai tarayya. Karbon guda shina riƙe maƙwabta huɗu, kuma shina riƙe ɗan'uwanshi karbon, su yi sarƙa mai tsawo da rassa. Da waɗanga sarƙoƙi anka gina hatsi, da man gyaɗa, da auduga, da naman jikinku. Gawayin da ake haƙowa a Anu Araren ma karbon ne.

Silisiyom haɗe da okisijan shi ne rairayi. In an tace shi, da shi ake yin farantin da ke juya hasken rana shi koma wutar lantarki. Dabarar lissafin na waje ce. A gefe guda na farantin ana barbaɗa fosfor, mai 5 a waje, sai elektoron guda shi yi rara. A ɗaya gefen ana barbaɗa bor, mai 3, sai gurbi guda shi samu. In rana ta bugi farantin ta tayar da elektoron, bambancin gefen biyu shina tura su hanya guda, su bi waya. Wutar da ke juya famfon garka ke nan.

Tagullar wayar ma na wajenta ne ke aiki. Cikin ƙarfe, na waje ba su tsaya ga ƙwaya guda ba, suna yawo cikin ƙarfen duka, shi ya sa ƙarafa ke ɗaukar wuta da zafi. Sai dai ƙarfe da tagulla da zinariya suna cikin tsakiyar allon, inda wani zoben ciki ma ke sa hannu. Ƙarfe wani lokaci 2 shike bayarwa, wani lokaci 3. Lissafinsu ya fi na yau tsawo, za mu ware mashi ranarshi.

Abin da za ku riƙe

Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya da zobban elektoron. Na zoben waje ne ke hulɗa. Masu 1 da masu 2 suna bayarwa, masu 7 suna karɓa, masu 4 suna tarayya, masu 8 sun wadatu. Waɗanda yawan na wajensu ya zo daidai dangi guda ne. Cikin masu bayarwa babba ya fi zafi, cikin masu karɓa ƙarami ya fi zafi.

Ga tambayoyi huɗu da za ku tattauna in kun taru. Ta farko: manyeziyom shina da elektoron 12, ku raba su cikin zobba, ku faɗi danginshi. Ta biyu: okisijan shina neman 2, sodiyom shina ba da 1, sodiyom nawa okisijan guda za shi riƙe? Ta ukku: mai hawan jini ya bar gishiri ya koma ma kanwa, mi za ku ce mashi? Ta huɗu: rijiyar da garinku ke sha, an taɓa auna ruwanta, kuma wa za ku tambaya?

Nan za mu dakata. Wanda ya gane shi bayyana ma wanda bai samu saurare ba, musamman zancen kanwa ga mai jego, da na jabel, da na auna ruwa.